Ranar da ake ba yaro almakashi

Duk ƙarshen watan Mayu, ɗakin ɗinki da rinin da nake kula da shi a wata kwalejin koyon zane da ƙira a arewacin Ingila yakan koma tamkar shagon tela ana gobe sallah. 'Yan ajin ƙarshe na ta kai-komo, ido ya yi jajur, kowa na farautar keken da babu kowa a kai, don baje kolin kammala karatu ya ƙarato. Ni ba malami ba ne a wurin, ba na ba da maki. Nawa shi ne in gyara keke in ya ƙi, in haɗa ruwan rini, in hana yara datse yatsunsu. To amma daga kujerar nan tawa ina ganin ɗalibi tun ranar da ya shigo bai san yadda ake zura zare ba har ranar da zai fita, kuma shekarun da na yi a kanta sun sa na daina yarda da yadda ake auna gwanintar yaran nan, a nan ɗin da kuma can gida.

Bari in fara da gida, tunda can na yi nawa karatun, a wata jami'ar Arewa da ba sai na kama suna ba, don abin da zan faɗa ba nata ba ne ita kaɗai. Mu a wajenmu komai CGPA ne, wato matsakaicin makin duk shekarun karatu. Tun daga zangon farko na aji ɗaya, duk makin da ka ci ana zuba shi a tukunya guda, ana juyawa har ranar fita. Ma'aunin 5 ne, kuma sai ka kai 4.50 kake samun digiri mai daraja ta ɗaya. Ɗauki yaron da ya zo daga ƙauye bai taɓa riƙe buroshin fenti ba. Aji ɗaya ya tashi da 2.5, aji biyu 3.0, sai hannunsa ya faɗa, aji uku ya ci 4.5, ajin ƙarshe 5.0 cif. In nauyin darussan ɗaya ne a kowace shekara, da 3.75 zai fita. Abokinsa ɗan birni da ya shigo da 4.5, ya zauna a kan 4.5 shekara huɗu bai motsa ba, shi ne zai ɗauki daraja ta ɗaya. Wa ya fi iya aiki ranar da suka fita? Kowa a ajin ya sani. Takardar ce kawai ba ta sani ba.

Wannan lissafin wataƙila ya dace da wasu fannonin. Amma zane da ƙira sana'ar hannu ce da ido, kuma hannu sai ya ɓata kaya yake koyo. Ina aji biyu aka ba mu aikin rina yadi. Kowa ya tafi kasuwa ya sayo sinadarin kwali, wanda in ka bi awo ba ya ba ka kunya. Ni kuwa rawar kai ta ɗebe ni, na ce da baba zan yi, irin na marinar Ƙofar Mata, da toka da komai. Kwana da kwanaki ina gadin tukunya, ruwan ya ƙi nuna. Abin da na fitar wani toka-toka ne mai dabbare-dabbare kamar an shanya shi a bayan kicin. Malam ya zagayo, ya ɗaga yadin da bakin biro, ya ce, "Wannan kuma mene ne?" Na buɗe baki zan yi bayani, ya riga ya wuce. Makin da ya ba ni ya bi ni har na gama makaranta. Daga ranar na ɗauki darasi, amma ba na rini ba: ban sake gwada abin da ban tabbatar zai fito ba. Shekara biyun da suka rage na yi su ne ina maimaita abin da na riga na iya, maki na hawa, ni ina nan inda nake.

Da na zo nan sai na tarar da wani tsarin. Digirin shekara 3 ne a Ingila, kuma da yawa daga ɗaliban zane sukan yi shekara guda ta share fage kafin su shiga. A mafi yawan jami'o'i makin shekarar farko ba ya shiga lissafin darajar digiri kwata-kwata, ka dai haye 40 cikin 100 ka wuce gaba. Shekara ta biyu da ta uku ake haɗawa, kuma galibi ta ukun ta fi nauyi. A ce makaranta ta ba shekarar ƙarshe ninki biyu: yarinyar da ta ci 45 a farko, 62 a tsakiya, 74 a ƙarshe, za ta tashi da 70, wato daraja ta ɗaya. Tuntuɓen da ta yi tana sabuwa an yafe mata shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zaman da suke yi na duba aiki. A manna aikin kowa a bango, a kewaye shi, malamai da ɗalibai, mai aikin ya tsaya ya faɗi abin da ya so yi da abin da ya samu. Watan farkona a wurin na ga wata yarinya 'yar aji ɗaya ta jera ƙyallaye goma sha ɗaya da ta rina da ɓawon albasa, kuma duk cikinsu babu na kirki. Zuciyata ta ce yau akwai kallo. Malamar ta sa tabarau, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan na bakwai ta ce, me kika canza tsakanin wannan da na shida? Yarinyar ta buɗe littafinta, ga shi nan ta rubuta: ta ƙara lokacin jiƙo, ta sauya tukunya daga ta alminiyom zuwa ta ƙarfe. Suka yi kusan rabin sa'a a kan tukunyar nan. Ni dai ina tsaye a bakin ƙofa da sukundireba a hannu, ina tuna yadina mai dabbare-dabbare.

Littafin nan shi ne ƙashin bayan awon nasu. Ba a karɓar aiki tsirara, sai da tarihinsa: zanen farko, wanda aka soke, gwajin da ya lalace, hoton kowane mataki. Yana kuma toshe wata ɓaraka da duk wanda ya yi karatun zane a gida ya san ta, ta ɗalibin da zai kai aikinsa wa mai zanen allon talla a bakin titi ya biya, ya kawo a matsayin nasa. Kana iya sayen aikin da aka gama. Sayen wata uku na kurakurai masu bin juna kuwa da wuya.

Kada wani ya ce na zo Turai na ga aljanna. Su ma da tasu cutar, kuma kullum ƙaruwa take. Garin girmama tunani da bayani, sun bar hannu a baya. Bara wani ɗan ajin ƙarshe a fannin tufafi ya same ni saura mako biyu baje koli, ya ce in taimaka in zura masa zare a babban keke. Shekara uku yana shiga ɗakin nan. Na duba rigar da yake haɗawa, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, ɗinkin ciki kamar sawun kaza. Amma in ya tsaya gaban malamai yana bayani a kan rigar, da tarihin ma'aikatan masaƙa da sauyin yanayi da me da me, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro allura. Ya fita da sakamako mai kyau. Takardar awon tana da gurbin bincike, da gurbin tunani, da gurbin iya gabatarwa, gurbin ƙwarewar hannu ɗaya ne tal a ciki. Ga shi yanzu ChatGPT na iya rubuta wa yaro shafi goma na "abin da na koya" kafin shayinsa ya huce. Ɗalibin da ke biyan sama da fam 9,000 a shekara kuma, makaranta ba ta cika son ɓata masa rai ba.

Nakan tuna Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20. A wajen gwaggonta ta koyi ginin tukunya tun tana yarinya, ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Bature Michael Cardew da ke Abuja ta da, wato Suleja ta yau, a 1954, ta zo har ƙasar nan tana gina tulu a gaban Turawa suna kallo baki buɗe, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Da za a sa ta a takardar awon kwalejinmu, gurbin rubutu zai kayar da ita. Da za a sa ta a CGPA, darussan gama-gari na aji ɗaya za su ja ta ƙasa.

Awon da ya fi kama hankalina ban gan shi a jami'a ba, a shagon Baffana na gan shi, tela ne a Fagge. Yaro in an kawo shi, shara da aike zai fara, sai hura gawayin dutsen guga. In ya daina ƙona kaya, a ba shi maɓalli da kalmasa. Daga nan ya hau keke, amma a kan ƙyallen da aka zubar. Sannan aljihu, sannan hannun riga, sannan wuya, wanda nan ne ake gane tela. Duk tsawon wannan lokacin almakashi na rataye a ƙusa kusa da Baffa, ba mai taɓawa. Ranar da zai miƙa wa yaro shi ya ce, "Zo ka yanka wa Alhaji shaddarsa," ranar ce jarrabawa, kuma kowa a layin ya san an yi ta. Baffa bai taɓa cewa, ai shekara uku da suka wuce ka ƙona wa wani wando, don haka na rage maka. Bai kuma taɓa ba yaro almakashi don ya iya zance ba. Tambayarsa guda ce a kowane mataki: me zan iya damƙa wa yaron nan yau in juya baya? Kuma tambayar tana sauyawa da shekaru, abin da ake nema wurin ɗan wata shida daban, na ɗan shekara uku daban. In ya yi kuskuren awo, shi zai biya shaddar, shi ya sa ba ya yi.

Da za a tambaye ni, cewa zan yi aji ɗaya a auna ƙoƙari da yawan gwaji, a bar makin a can kada ya bi yaro. Tsakiyar karatu a auna hannu, a zaune, a gaban mai dubawa: ga yadi, ga keke, ga awa uku. Watannin SIWES da ɗalibanmu ke yi a masana'antu da shaguna, a daina taƙaita su ga littafin da ake sa wa hannu a ranar ƙarshe, a tambayi maigidan da ya riƙe yaron me ya yarda ya bar masa. Ajin ƙarshe kuma a ba shi aikin mutum na gaske mai kuɗinsa da ranar karɓarsa, a ɗora mafi yawan makin a nan. Na san malamanmu na gida za su ce ina magana ne daga inda wuta ba ta ɗaukewa, kuma suna da gaskiya. Malami ɗaya da ɗalibai cike da ɗaki, kayan aiki daga aljihun iyaye, ga yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas, ba shi da rabin sa'ar da zai ɓata a kan tukunyar yarinya guda. Amma sauya nauyin shekaru a lissafi ba ya cin dizal.

'Yar ƙanwata tana aji ɗaya yanzu a fannin zanen yadi. Makon jiya ta turo mini hotuna a WhatsApp, ta gwada buga zane da dankali da kuma katako, uku sun cakuɗe, ɗaya ya fito. Ta ce za ta kai mai kyaun, ta zubar da sauran kada malam ya gani. Na yi mata doguwar murya, na ce ta samu jaka ta adana su duka, ta rubuta kwanan wata a bayan kowanne da abin da ta canza. Can da daddare ta amso: "To Kawu, na ji. Amma maki nawa ake bayarwa a kan na cikin jakar?" Na rubuta amsa na goge har sau biyu, sannan na ce mata babu ko ɗaya, ta dai ajiye.