Jinin da mata ke kuka da shi ba jita-jita ba ne

Ranar 26 ga Satumba, wadda aka ware wa tazarar haihuwa a duniya, ta sake zagayowa, kuma an sake rera mana waƙar da aka saba: wai jahilci da jita-jita ne ke hana mata amfani da hanyoyin tazara, don haka a ƙara wayar da kai. Wannan magana ta ishe ni. Matar da ta yi mako uku tana ganin jini bayan an saka mata ashana, wato ƙaramar sandar tazara da ake cusawa ƙarƙashin fatar hannu, ba labari ta ji a bakin wani ba, a jikinta take gani.

A 2016 cibiyar bincike ta Guttmacher ta duba bayanan ƙasashe 52 kan matan aure da ba sa son ɗaukar ciki yanzu, amma ba sa amfani da komai. Kashi 26 cikin ɗari sun ce illa ga lafiyarsu suke tsoro. Waɗanda suka ce ba su san hanyoyin ba 'yan kaɗan ne, kuma da yawa cikin masu tsoron illar sun taɓa gwadawa suka bari. To wa za a wayar wa kai?

A duba abin da magungunan ke yi. Allurar Depo-Provera, miligiram 150 duk mako 13, takan birkita al'ada a watannin farko, daga baya ta ɗauke wa mata da yawa gaba ɗaya. Idan an daina, samun ciki kan jinkirta, a matsakaici wajen wata goma daga allurar ƙarshe, wasu har su haura shekara. Haihuwa tana dawowa. Amma wadda ba a faɗa wa haka ba tun ranar farko, ta zauna wata tara shiru, me za ta gaya wa ƙawayenta in ba cewa allura ta kashe mata mahaifa ba? Daga shirun ma'aikacin lafiya ake haifar jita-jitar da ake cewa za a yaƙa.

Ashana ma haka. Implanon sanda ɗaya ce ta shekara uku, Jadelle sanda biyu ta shekara biyar, kuma cikin mata ɗari da wuya ɗaya ta yi ciki a shekara. Sai dai kusan ɗaya cikin biyar al'ada kan ɗauke mata, kusan ɗaya cikin biyar kuma jini kan daɗe mata fiye da kima. Robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ta da sinadarin hormon, tana kai shekara goma, amma takan ƙara yawan jini da ciwon mara, musamman wata uku zuwa shida na farko, abin da ba ƙarami ba ne ga mai ƙarancin jini. Akwai kuma magungunan da ke rage ƙarfin ashana, irin su rifampicin na tarin fuka, da carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya. Tambaya ɗaya ce ke gano wannan, kuma sau da yawa ba a yin ta.

Abin takaicin, zubar jinin tana da magani. Littafin jagora na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce ana iya ba mai ashana ibuprofen miligiram 800 sau uku a rana bayan cin abinci, kwana biyar, in ba ta da gyambon ciki, ko a haɗa mata da ƙwayoyin tazara na ɗan lokaci. In jinin ya ƙi tsayawa, ko ya ɓullo bayan watanni ana lafiya, sai a binciki ciwon sanyi ko ciki. Amma abin da mace ta fi ji idan ta koma shi ne "ki yi haƙuri, jikinki zai saba".

Masu cewa in an faɗa wa mata illolin za su gudu, raina musu hankali kawai suke yi. Wani bincike da aka buga a 2001 kan allurar Depo a Meziko ya nuna cikin matan da aka yi wa cikakken bayani kashi 17 ne suka daina cikin shekara, waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 43. Su kuma masu neman a watsar da tazara ɗungurungum saboda waɗannan illoli, ba su taɓa auna su da haɗarin haihuwar kunika ba.

Inda abin ya fi muni shi ne cirewa. Taron tazarar haihuwa da aka yi a Landan a 2012 ya sa burin ƙara mata miliyan 120 masu amfani da tazara kafin 2020, a 2013 kuma aka karya farashin Jadelle ga ƙasashe matalauta daga dala 18 zuwa 8.50. Ashana ta wadata, kuma wannan alheri ne. Amma ma'aunin nasara ya zama yawan waɗanda aka saka wa. Sakawa aikin 'yan mintuna ne. Cirewa tana buƙatar wanda ya iya lalubo sandar da yatsa, allurar kashe zafi, aska mai tsabta, ɗan yanka na milimita biyu zuwa huɗu, da hantsaki. In mai sakawar ya zurfafa ta har cikin tsoka, ba za ta taɓu ba sai an ɗauki hoto an nemo ƙwararre. Tawagar da ke zuwa rangadi ta saka wa mata da dama a wuni guda ta tafi, wa ta bar wa wannan aiki?

Don haka mace za ta je a ce babu kayan aiki, ta koma a ce wanda ya iya ba ya nan, ta sake komawa a ce wa'adin bai cika ba, ko a tuna mata cewa abin yana da tsada. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take: duk ranar da mace ta nemi a cire, a cire, ko mene ne dalilinta. Ƙwaya mace na iya ajiye ta, allura tana iya ƙin komawa, amma ashana da roba sai da hannun wani. Duk wanda ya saka su alhali ya san babu mai cirewa, ya ƙwace wa mace iko da jikinta, ko da kyakkyawar niyya ya yi.

Kada a ba kowace cibiya ashana sai an tabbatar tana da mai cirewa da kayan cirewa. Rahotannin da ake aika wa masu ba da tallafi kuma su riƙa nuna mata nawa suka nemi a cire musu, da kwana nawa kowacce ta jira kafin a yi.