Kazar maƙwabciya da alayyafona

Masu ɗan lambu a bayan gida, ku yi mini haƙuri da abin da zan faɗa: in kazar maƙwabci ta yi maka ɓarna da rana tsaka, fara duba dangarka kafin ka ɗaga murya.

Ni ma da zafi na fara. Bara da hunturu na yi fangali huɗu a bayan gidana a Zariya, na zuba alayyafo da latas da yakuwa. Kwana goma ina ban ruwa safe da yamma, har tsiro ya fara kore. Ran nan na dawo daga kasuwa na tarar da wata wake-waken kaza da 'ya'yanta bakwai a tsakiyar fangalin, tana tono da ƙafa tana kiransu. Ba ganyen kaɗai ke ranta ba. Ƙasar ce da danshi da taki, tsutsa ta taru, ni da hannuna na shirya mata walima.

Na nufi gidan mai ita, wata dattijuwa, raina a ɓace. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, kajinki sun gama da ni." Ta ce, "Ayya ɗan nan, Allah ya ba ka haƙuri. To in kulle su in ba su me?" Na rasa amsa. Kazar Hausa da kiwon kanta take rayuwa, ɗan tsaki ko dusa ake watsa mata da safe, sauran ta nema. Kuma kajin nan su ne asusun Inna, in ciwo ya tashi ko Sallah ta matso, ɗaya ake kamawa a kai kasuwa.

Wani malami ne ya ƙarasa kashe mini baki da hadisin raƙumar Bara'u ɗan Azib da ke cikin Muwaɗɗa: tsaron gona da rana na masu gona ne, ɓarnar da dabba ta yi da dare kuwa mai ita ke biya. Kaza kuma magariba na yi ta shige akurki.

Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne masu cuɗa dawa da maganin ɓera su watsa a bakin danga. Wannan mugunta ce. Kazar ta mutu, wani yaro ya tsinta, ko a yi saurin yankawa a dafa. Saboda latas?

Su ma masu kaji kada su ce na wanke su tas. A ƙauye in damina ta faɗi ana shela kowa ya ɗaure awakinsa, ba wanda ke cewa an zalunce shi. Riƙe kaji mako biyu har shukar maƙwabci ta yi ƙwari, ko rage gashin fiffike ɗaya ga mai tsallake danga, ba abin faɗa ba ne.

Ni dai na kafa kara, na zagaye da tsofaffin gidajen sauro uku, na binne bakinsu a ƙasa don ta nan suke kutsawa, na shimfiɗa ƙayar magarya a kan sabon iri. Inna ta aiko jikanta da buhun kashin kaji in yi taki. Wake-waken nan kuwa har yau kullum da hantsi sai ta zo ta zagaya ragar, tana leƙe da ido ɗaya.