Zabura waƙa ce, jama'a!

Wanda ya turo bidiyon nan a zaurenmu na matasa daren jiya, sannunka da bincike. Ka tono abin da ya ɓuya wa duniya shekara dubu biyu da ɗoriya: wai Zabura tana karo da kanta. Ta 121 ta ce Mai tsaron Isra'ila ba ya gyangyaɗi ba ya barci, ta 44 kuma tana ce wa Ubangiji ya farka, don me yake barci. Shi ke nan, asiri ya tonu. A kawo masa digiri.

Ɗan'uwa, waƙa ce fa. Waƙa!

Mu da muka tashi muna jin maroƙi yana ce wa sarki toron giwa, bai rufe baki ba ya ce masa bango madafar bayi, wa ya taɓa tsayar da kiɗi ya ce, "Dakata malam, giwa ne ko bango?" Amma da aka zo kan waƙoƙin Ibraniyawa guda 150, sai ka ɗauko biro kamar mai binciken kuɗin ofis.

Ka ma karanta ta 44 daga farko? Mutane ne da aka ci da yaƙi, suna cewa an sayar da su a banza, an mai da su tumakin yanka. Wanda yake cikin wannan hali ba ya tauna magana. Ta 121 kuwa tana cikin waƙoƙin masu haurawa Urushalima, matafiyi ne yake tsoron rana da dare a hanya. Bakin mai kuka daban, bakin matafiyi daban, Wanda ake kira ɗaya ne.

Ni abin da kake kira karo shi ne ya sa nake son littafin. A ta 29 ana ambaton muryar Ubangiji sau 7, tana kakkarya itatuwan al'ul na Lebanon, tana girgiza jejin Kadesh, kai ka ce hadarin farkon damina ne ya taso. Ka juya zuwa ta 131, sai ga mawaƙi ya lafe kamar yaron da aka yaye a jikin uwarsa. A ta 74 Allah ya farfasa kawunan dodon ruwan nan Lewiyatan. A ta 104 wannan dodon dai, Allah ya yi shi ne don ya yi wasa a teku, kamar ɗan akuya a tsakar gida. Shekarar da mahaifiyata ta rasu, ta 29 ba ta shiga kunnena ko kaɗan. Ta 103 na riƙe, inda aka ce ya san da ƙura aka yi mu. Kalmar jinƙai a can tushenta ɗaya da kalmar mahaifa a Ibrananci, danginta ne rahamar da muke faɗa kullum.

Na san wani zai fito da zancen allunan tsohon birnin Ugarit da aka fara tonowa a Siriya a 1929, cewa Kan'aniyawa ma suna kiran gunkinsu Ba'al mahayin gajimare, kamar yadda Zabura take kiran Ubangiji. E, sun kira. Sai me? Mawaƙi ya ƙwace kirarin kishiya ya ce ga mai shi na gaske. Ku je da wannan gaba, na gaji.

Waƙa ce. A karanta ta da kunne.

Af, ta 104 ɗin nan har rema ta ambata, cewa duwatsu ne mafakarta. Muna yara mun sha ganin su suna shan hantsi a kan dutsen bayan ƙauyenmu, ka matso kaɗan su shige kogo. Da na je Kirsimetin bara ko ɗaya ban gani ba, masu fasa dutse sun cinye rabin wurin.