Ɗanyen nama a kwanon kare: me ya sa nake ganin a dafa shi

Cikin 'yan shekarun nan, ciyar da kare da ɗanyen nama ya zama abin yayi a tsakanin masu kiwon karnuka, kuma duk wanda ke bibiyar shafukansu ya ga hotunan kwanoni cike da wuyan kaza, hanta, tumbi da ɗanyen ƙwai, an jera su gwanin sha'awa. Masu wannan tsari ba sakarkaru ba ne, yawancinsu ma sun fi kowa kula da dabbobinsu. Duk da haka ra'ayina shi ne, duk wani alherin da suke gani a jikin karnukansu daga kyawun naman yake fitowa, ba daga ɗanyantakarsa ba, alhali haɗarin kuwa daga ɗanyantakar kaɗai yake fitowa, kuma ba a kan karen kaɗai yake tsayawa ba.

Tsarin ya samu karɓuwa ne bayan da wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Ian Billinghurst ya fitar da littafi a 1993, inda ya yi kira da a koma ciyar da karnuka ɗanyen nama, ƙashi da ganyayyaki, kamar yadda kakanninsu suka ci a daji. Abin da ya faru a 2007 ya ƙara masa ƙarfi, lokacin da aka gano sinadarin melamin a cikin kayan haɗin abincin dabbobi na kamfanoni a Amurka, karnuka da kuliyoyi da yawa suka kamu da ciwon ƙoda, aka janye kayayyaki masu tarin yawa daga kasuwa. Wanda ya ga haka, idan ya ce ya daina yarda da abin da ke cikin buhu, ba zan ga laifinsa ba.

Hujjar da aka fi kafawa ita ce kare jikan kyarkeci ne, kyarkeci kuwa ba ya hura wuta. Gaskiya ne asalinsu ɗaya, amma kare ya shafe dubban shekaru yana zaune a gefen mutane yana cin ragowar abincinsu, kuma jikinsa ya sauya daidai da wannan zama. A 2013 masu bincike daga Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka wallafa sakamakon nazarinsu a mujallar Nature, inda suka nuna cewa ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin narkar da sitaci guda 2 ce a jikin kyarkeci, amma a jikin karnuka tana kaiwa daga 4 zuwa 30. Wato cikin kare ya daɗe da sabawa da abincin da kyarkeci ba ya iya narkarwa da kyau. Bayan haka, kyarkecin da ake misali da shi yana cin dabbar da ya kashe ne nan take, da fatarta da gashinta da kayan cikinta, kuma yana yawo da tsutsar ciki da karyayyun haƙora ba tare da kowa ya ɗauki hotonsa ba. Naman da ke isowa kwanon kare kuwa ya bi ta mayanka, an fede shi a kusa da hanji, an niƙa shi a inji, an yi jigilarsa kwana da kwanaki, kuma a kowane mataki ƙwayoyin cuta na samun ƙofar shiga.

Wannan ba zato ba ne. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gwaji tsakanin 2010 da 2012, inda ta duba samfuri 196 na ɗanyen abincin dabbobi da ake sayarwa, ta samu ƙwayar cutar Salmonella a 15, ta samu ƙwayar Listeria mai haddasa cuta a 32. A 2018 masu bincike na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan suka duba kayayyaki 35 na daskararren ɗanyen nama, suka samu Salmonella a 7, suka samu nau'in E. coli mai haɗarin nan da ake kira O157 a 8. A lura da kalmar daskararre, domin mutane da yawa sun ɗauka cewa firiza na kashe ƙwayoyin cuta. Sanyi yana dakatar da yaɗuwarsu ne kawai, da zarar naman ya narke sai su ci gaba daga inda suka tsaya. Zafi ne ke kashe su, shi ya sa ake cewa a dafa kaza har tsakiyarta ta kai digiri 74 a ma'aunin Selsiyos.

Amsar da na fi ji ita ce, ai karen yana ci kuma lafiyarsa ƙalau. Sau da yawa hakan gaskiya ne, kuma a nan ne matsalar take ɓuya. Babban kare mai ƙoshin lafiya yana iya ɗaukar Salmonella bai yi amai ko gudawa ba, amma yana fitar da ita a kashinsa na tsawon kwanaki. A dubi yadda abin ke gudana a cikin gida. An ciro naman daga firiza an ajiye shi a firji ya narke, jan ruwansa yana ɗiga a kan abin da ke ƙasansa. An yanka shi a kan katako, an ɗauraye wuƙar sama-sama. Karen ya cinye, ya lashe kwanon yana tura shi da hanci har jikin bango, sannan ya juyo da jiƙaƙƙen baki ya lashi hannun yaron da ke rarrafe a wurin, yaron kuma ya kai hannun bakinsa. Babu wanda ya yi sakaci a bayyane a cikin wannan jerin, amma ƙwayar ta gama tafiyarta. Ƙananan yara, tsofaffi, masu juna biyu da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni su ne suka fi shan wahala, Listeria ma tana iya jawo ɓarin ciki. Babu ɗaya daga cikinsu da aka nemi shawararsa kafin a zaɓi abincin karen. Wannan ne babban dalilin da ya sa ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya a 2012 tana ba da shawarar a guji ba karnuka da kuliyoyi naman da ba a kashe ƙwayoyin cutarsa ba.

Ɗanyen kayan ciki yana da nasa haɗarin na daban. Akwai wata ƙaramar tsila mai suna Echinococcus wadda ke yin ƙullutun ruwa a hanta da huhun tumaki da shanu. Idan kare ya ci irin wannan hanta ɗanya, tsilar tana girma a hanjinsa, ƙwayayenta su riƙa fita a kashinsa suna maƙalewa a gashinsa. Mutumin da ya haɗiye su yana iya shafe shekaru bai ji komai ba, alhali ƙullutu na girma a hantarsa, har sai an kai ga tiyata. Dafa kayan cikin kaɗai ya isa ya katse wannan zagaye.

Ko da an ajiye maganar cuta a gefe, haɗa cikakken abinci ba ƙaramin aiki ba ne. Tsokar nama cike take da sinadarin fosfaras amma kalsiyam ɗinta kaɗan ne ƙwarai, jikin kare kuwa yana buƙatar kalsiyam ya yi daidai da fosfaras ko ya ɗan fi shi. Idan aka ɗora kwikwiyo a kan zallar nama, jikinsa sai ya fara zaro kalsiyam daga ƙasusuwansa domin ya daidaita na cikin jini. Mai shi zai ga kwikwiyon da ke tsalle-tsalle ya koma ɗingishi, yana kuka idan aka ɗaga shi, ƙafafunsa na lanƙwashewa, wani lokaci ƙashi ya karye don kawai ya diro daga kan kujera. Hanta ma idan ta yi yawa kullum, bitamin A ɗinta na taruwa ya zama illa. A Jamus, wani nazari da aka wallafa a 2011 ya duba tsarin abinci 95 da masu karnuka ke haɗawa da kansu da ɗanyen nama da ƙashi, aka samu kashi 60 cikin ɗari suna da gibi ko wuce gona da iri a wani sinadari. Waɗannan fa mutane ne masu himma, ba masu jefa wa kare abin da ya samu ba.

Ƙashi kuwa maganarsa gajera ce. Dafaffe yana tsagewa ya yi tsini ya huda hanji, don haka ba a ba kare shi sam. Ɗanye bai cika tsagewa haka ba, amma mai tauri yana fasa manyan haƙoran gefe, ƙanana kuma suna maƙalewa a maƙoshi ko su toshe hanji.

To, sheƙin gashi da ƙarancin kashi da ake yabawa fa? Ban musanta su ba. Abinci mai wadataccen mai da furotin yana sa gashi sheƙi, abincin da ke narkewa sosai kuma yana rage abin da ke fita. Sai dai kare da aka ɗauke shi daga busasshen abinci mara inganci aka mayar da shi kan nama mai kyau dole ya canza, ko naman ɗanye ne ko dafaffe. An ba ɗanyantaka yabon da na ingancin kayan ne. Abin da dahuwa ke ragewa na wasu bitamin ana iya cike shi cikin sauƙi, amma ƙwayar cutar da ta shiga jikin jariri ba a janye ta da sauƙi haka.

Wanda ba ya son abincin buhu yana da mafita. Ya dafa naman da kayan cikin har su nuna, ya cire ƙashin, ya nemi likitan dabbobi ya tsara masa ma'aunin nama, hatsi, ganye da kalsiyam daidai da shekarun karen da nauyinsa, musamman idan kwikwiyo ne na manyan irin karnuka, wanda yawan kalsiyam ma ke cutar da shi kamar ƙarancinsa. Wanda kuma ya dage sai ɗanye, aƙalla ya ware masa wuƙa da katako da mazubi mai murfi a can ƙasan firji, ya wanke kwanon da ruwan zafi da sabulu bayan kowane ci, ya kwashe kashin karen da wuri, ya ba shi maganin tsutsa a kan kari, sannan ya haƙura da tsarin gaba ɗaya muddin akwai jariri, mai ciki ko majinyaci a gidan.