Bangon kasuwarmu na wa ne?

A tsakiyar watan Yunin 2023 Kanawa suka wayi gari suka tarar an rushe shataletalen ƙofar gidan gwamnati, wanda aka gina don tunawa da cikar jihar shekara 50 da kafuwa. A lokacin sabuwar gwamnati ko wata guda ba ta yi a kan mulki ba. Ta ce ginin ya yi tsayi, yana tare gani, kuma ba a yi shi da inganci ba. Daga baya ta yi alkawarin sake gina irinsa a wani wuri. Aka yi ta cacar baki a gidajen rediyo da Facebook. Wasu sun yi takaicin hasarar zanen da gaske, musamman da yake wata matashiya ce ta tsara shi, amma yawancin muhawarar ta koma ta siyasa: masu karewa suna kare aikin gwamnan da ya sauka, masu murna suna murnar matakin wanda ya hau.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ban ji wata unguwa ta fito ta ce namu aka taɓa ba. Haka adon gari yake a wurinmu yanzu. Daga sama yake saukowa, da sunan mutum ɗaya a jikinsa, kuma ranar da mai sunan ya bar kujera sai abin ya zama maraya. Ra'ayina shi ne wannan aiki na ƙaramar hukuma ne, kuma ko ita ɗin ba za ta iya shi ba sai ta fara daga ƙofar gidan mai unguwa.

Mu ba baƙi ba ne wajen ƙawata wurin zama. Wanda ya zaga tsohon birnin Zariya, ko unguwar Birni a Damagaram, ko lungunan cikin Kano da suka rage ba a shafe su da siminti ba, ya san Bahaushe ya daɗe yana magana da bangonsa. Magini ya ɗora tubali, ya fitar da zankwaye a kan soro, ya yi yaɓe da makuba, sannan ya zauna da hannunsa ya fitar da dagi da sarƙa a fuskar zaure tun ƙasa na ɗanya. Ba a ɓoye adon a cikin gida. A waje ake yin sa, yana kallon hanya, mai wucewa ya fi mai gida morarsa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, masana gine-gine daga ƙasashen duniya sun daɗe suna zuwa kallon bakunan da ya ɗaura. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, Falke Barmu ya fara gina masallacin garinsu da ƙasa a 1962, mutanen gari suka yi gayya, wannan ya kawo tubali, wancan ya ɗebo ruwa, wani ya kawo itace, har ginin ya ci lambar yabon gine-gine ta duniya ta Aga Khan a 1986. Ba gwamna ne ya kai musu zanen ba.

Gidan kakanmu akwai irin wannan zane a fuskar zaurensa. Ina yaro aka shafe shi da siminti saboda damina na cin bangon, kuma babu wanda zai ga laifin masu gida. Amma tun ranar ban sake ganin wani ya tsaya a ƙofar gidan yana kallo ba. Yau abin da ke jikin bangon shi ne fastocin 'yan takara, wani a kan wani, da tallan mai maganin basir, da rubutun nan na gawayi da ke hana fitsari. Bangon bai daina magana ba, maganar ce ta canza.

Me ya sa na nace a kan ƙaramar hukuma? Domin doka ta riga ta damƙa mata wuraren. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukanta, kuma a ciki akwai kasuwanni, tashoshin mota, makewayin jama'a, lambuna da filayen shaƙatawa, tituna da fitilunsu da magudanan ruwa, sanya wa tituna suna, har da kula da allunan talla. Tana kuma da hannu a makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi. Waɗannan su ne wuraren da talaka ke wuni a cikinsu. Mai sayar da tumatir ba ya zuwa ɗakin baje kolin zane, amma kullum sai ya shiga ƙofar kasuwa. Najeriya na da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai na da 44, kuma kowace tana gina wani abu duk shekara, ko da aji biyu ne ko rumfunan kasuwa. Bangon dai za a gina shi, ko an yi masa ado ko ba a yi ba.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin ni ma na faɗa wa kaina. Ana fama da tsadar abinci, asibiti babu magani, yara na zaune a ƙasa a aji, sai a zo ana maganar fenti? Gaskiya ne, kuma duk ciyaman ɗin da ya bar famfon tuƙa-tuƙa a lalace ya je yana gyara shataletale ya yi zalunci. Ba na kiran a buɗe wata sabuwar kwangilar ado mai cin gashin kanta. Wannan ma ita ce hanyar da kuɗi ke bi su ɓace. Abin da wasu ƙasashe suka yi ya fi haka sauƙi. Faransa tun 1951 ta ware kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin gina makarantun gwamnati don aikin masu fasaha. Birnin Filadelfiya na Amurka ya kafa irin wannan doka a 1959 kan gine-ginen da birnin ke biya. Idan aikin ƙofar kasuwa da katangarta zai ci naira miliyan 50, kashi ɗaya shi ne dubu 500. Ba zai sayi motar ɗaukar marasa lafiya ba, amma zai biya magini da masu zane biyu ko uku na unguwar da almajiransu, kuma kuɗin a unguwar zai tsaya.

Akwai kuma batun asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ya mayar da ƙananan hukumomi masu jiran abin da jiha ta yaga musu. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, ba kantomomi ba. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa. Duk da haka, majalisar kansiloli ba ta buƙatar jiran kowa kafin ta yi dokar cikin gida a kan yadda za a riƙa ƙawata gine-ginenta.

Inda aikin yake da wuya shi ne tsarawa, kuma a nan ne muke yawan yin tuntuɓe. Yadda aka saba, ɗan kwangila ya zo da hoto a waya, ciyaman ya ce ya yi kyau, a buga launin jam'iyya, a manna allo mai sunan mai girma, shi ke nan. Ni da za a ji tawa, kafin a sayi gwangwanin fenti ɗaya sai kansilan mazaɓa ya je wurin mai unguwa ko dagaci a kira zama. A zauna da liman, da sarkin kasuwa idan kasuwa ce, da shugabannin 'yan tasha idan tasha ce, da shugaban makaranta, da ƙungiyar samarin da ke yasar kwata ranar tsaftar muhalli. A yi zaman mata daban, domin a yawancin unguwanninmu ba za su yi magana a gaban taron maza ba, alhali su ne masu jeren ɗaki da lalle da saƙar faifai, idonsu ya fi na kowa sanin launin da ya dace da wani. Tambayar da za a yi musu ba ta da wuya: da me aka san unguwar nan, kuma me kuke so yaranku su gani idan sun fito? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙofar Mata ta marinan Kano ba sai an gaya mata cewa shuɗin baba ne launinta ba. Unguwar maƙera, ta dukawa, ta masaƙa, kowace tana ɗauke da zanenta a cikin sana'arta.

Bayan zaman, a bar masu fasaha su kawo zane biyu ko uku, a liƙa su a ƙofar mai unguwa na sati biyu, kowa ya gani ya tofa albarkacin bakinsa. A rubuta kuɗin aikin da sunan wanda zai yi a jikin takardar. Abin da aka liƙa a fili wuyar sacewa gare shi.

Su wa za su yi? Muna da su, aiki ne ba mu ba su. Akwai tsofaffin magina da ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun bar magaji ba, domin ɗan magini ya ga babu kasuwa ya koma tuƙin adaidaita sahu. Akwai alarammomin da ke zayyana a allon sauka, da masu ɗinkin aska takwas, da masu sassaƙar ƙwarya, da yaran da ke zane a bayan manyan motoci. Akwai kuma ɗaliban da sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ke yayewa duk shekara, sashen da ɗalibansa, tun yana ƙarƙashin kwalejin da ta zama jami'ar daga baya, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 da kiran a koma ga fasahar gida. A haɗa tsoho da ɗan makaranta a bango ɗaya, a ba su yaran unguwa biyar ko shida su riƙe musu kwano. A Filadelfiya, shirin zanen bango da ya fara a 1984 ya faro ne da jawo matasan da ke ɓata bangon gari da rubuce-rubuce, aka mayar da su masu zane, kuma yanzu ayyukan shirin sun haura dubu huɗu. Yaron da ya shafa fenti da hannunsa ba zai tsaya yana kallo wani ya manna fasta a kai ba.

Batun addini kuwa gara a faɗe shi tun a zaman farko. Jama'armu ba za ta karɓi gunkin mutum ko na dabba a tsakiyar hanya ba, kuma babu dalilin tilasta mata. Fasaharmu ma ba a kan sura ta ginu ba, a kan ƙulli da sarƙa da launi ta ginu, kuma wannan fage ne mai faɗin da ba a ƙure shi ba. A ɗaya gefen, ina roƙon masu kyakkyawar niyya su guji rubuta ayoyin Alƙur'ani a bangon titi inda ƙura da ruwan kwata ke fantsama. A garuruwan da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, irin su Kaduna da Jos, dole duka ɓangarorin su zauna a taron, domin alama ɗaya da aka yi wa mummunar fahimta ta isa ta ɓata aikin shekara.

Sauran abu biyu da kusan kullum ake mantawa, kuma su ne suka fi damuna. Na farko gyara. Ranarmu na cin fenti, daminarmu na cin ƙasa. Mutanen Jenne a Mali sun gane haka, shi ya sa duk shekara gari ke fitowa a sake yaɓen babban masallacinsu, aka mayar da abin biki. Mu kuwa a Agustan 2023 muka ga wani ɓangare na masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Ginin da ya tsufa yana neman kulawa komai darajarsa. A Dakar, wajen 1990, matasa sun tashi da kansu suka share unguwanni suka cika bangaye da zane a yunƙurin da suka kira Set Setal, amma da shekaru suka ja yawancin zanen ya shuɗe. Ƙwazon matasa na iya fara aiki, riƙe shi kuwa sai hukumar da ke da kasafi. Saboda haka a cikin kashi ɗayan nan a cire wani abu a ajiye don shafe na bayan damina, a kuma rubuta sunan wanda alhakin ke wuyansa, ko ƙungiyar 'yan kasuwa ce ko kwamitin makaranta.

Na biyu rushewa. Ba kowane ado ne ya cancanci dawwama ba, kuma ba a wurinmu kaɗai ake cire su ba. A New York an kafa wata doguwar katangar ƙarfe a dandalin wani ginin gwamnati a 1981, ma'aikatan wurin suka ce ta tare musu hanya. An cire ta, amma sai da aka yi zaman jin bahasi a bainar jama'a a 1985, aka je kotu, sannan aka ɗauke ta a 1989. Mai fasahar bai ji daɗi ba, amma an saurare shi. Dokar cikin gida da nake kira a yi ta ƙunshi wannan: abin da unguwa ta zauna ta amince da shi, ba za a rushe shi ba sai an koma wa unguwar, an kuma sanar da wanda ya zana. Sannan kada a sa hoton ciyaman, ko sunansa, ko launin jam'iyyarsa a jiki. A rubuta sunan unguwa da na masu aikin da shekarar da aka yi.

Ba na son a fara da shataletale. Yana da tsada, mai mota ne kawai ke ganinsa a guje, kuma shi ne ya fi jan idon siyasa. A fara da katangar firamaren da ke kallon titi, ko ƙofar kasuwar mako, ko bangon asibitin da mata ke layin awo a gindinsa tun da sassafe. Ƙarshen shekara ake haɗa kasafin kuɗin ƙananan hukumomi, kuma kansilanku ba a Abuja yake ba, a masallacin unguwa kuke haɗuwa. Ku tambaye shi wane gini za a yi a mazaɓarku baɗi, nawa aka ware masa, kuma yaushe za a kira zama a ƙofar mai unguwa kafin a kawo siminti.