Sai na biya kafin a daina cusa mini talla?

A azumin da ya wuce na je buɗa-baki gidan mahaifiyarmu. Falo ya cika: Hajiya, kawunmu da ya zo daga ƙauye ganin likita, ƙanwata da mijinta, ga yara a ƙasa suna wawason kankana. An kunna talabijin ana sauraron tafsiri. Malam na tsakiyar bayanin aya sai aka yanke, murya ta ɗaga kamar an kunna lasifikar tasha, wani mutum ya fito da kwalba a hannu yana tallan maganin maza. Bai sakaya ba, bai rage komai ba. Hajiya ta lalubi rimot, ashe batir ya mutu. Ƙanwata ta miƙe ta ce bari ta duba shayi, alhali shayin yana gabanmu a fulas. Kawu ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Kafin a kai ga sallar isha'i, sau uku aka maimaita wannan tallan.

Da muka fito alwala, ƙanina ya ce da ni: "Yaya, wallahi da akwai inda za a biya a cire mana wannan abin kunyar, ko nawa ne zan biya."

Na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Amma na san yaron nan, kullum yana kan YouTube, kuma a can akwai irin wannan biyan, ka ba da wani abu duk wata a ɗauke maka talla. Na tambaye shi ko ya taɓa biya. Ya ce: "Haba Yaya, da kuɗin data zan ji ko da wannan? Daƙiƙa biyar ce fa, sai in tsallake."

Tun ranar nake juya maganar. Idan ka tambayi mutum lokacin da talla ya ɓata masa rai, zai rantse zai biya. Ranar da aka ce kawo kuɗin, sai ya ga ashe haƙuri ya fi sauƙi. Kuma wannan ba halin talaka kaɗai ba ne. Kamfanin Netflix, mai nuna fina-finai ta intanet, ya shekara da shekaru yana tinƙaho cewa babu talla a wurinsa. A farkon 2022 masu biyansa suka fara raguwa, kafin shekarar ta ƙare, a watan Nuwamba, ya fito da tsari mai rahusa wanda ke ɗauke da talla, dala 6.99 a wata a Amurka. Disney+ ya bi sahu a watan Disamba. Zuwa watan Mayun 2024 Netflix ya ce mutum miliyan 40 ke kallo a kan tsarin mai talla, zuwa Nuwamban shekarar ya ce sun kai miliyan 70. Waɗannan mutane ne na ƙasashe masu hali, an ajiye musu zaɓi biyu a gaba, suka ce a bar mana tallan, a rage mana kuɗi. To ina ga wanda mafi ƙarancin albashinsa naira dubu 70 ne, kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara masa kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari?

Don haka amsata ga tambayar ko masu kallo za su ƙara kuɗi don a raba su da talla ita ce: kaɗan za su biya, mafi yawa ba za su biya ba. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da ke faruwa da zarar an mayar da kwanciyar hankalin mai kallo hajar sayarwa.

Ku dubi abin da Amazon ya yi a watan Janairun 2024. Mutane suna biyan kuɗin Prime, suna kallon fina-finai babu talla. Rana ɗaya aka sanar da su cewa daga yanzu akwai talla, wanda ba ya so ya ƙara dala 2.99 a wata. Ba a rage wa kowa ko sisi ba. Tsakanin wannan da abin da Netflix ya yi akwai tazara mai nisa. Ɗaya ya ce ga mai araha idan za ka iya jure talla. Ɗayan ya zuba tsakuwa a shinkafar da ka riga ka saya, sannan ya ce ga faifai na sayarwa. Duk kamfanin da ya gano cewa takurar mai kallo tana kawo kuɗi ta hanya biyu, mai talla ya biya a saka, mai kallo ya biya a cire, me zai sa ya rage takurar? Gobe zai tsawaita tallan, ya ƙara masa yawa, ya saka shi daidai inda labari ya yi daɗi, don wanda ya yi taurin kai jiya ya gaji ya miƙa wuya.

Kada wani ya ɗauka ina gaba da talla. Mu da muka tashi muna jin mai goro da mai fura suna kira a ƙofar gida, mun san talla sana'a ce mai mutunci. Na kuma san gidan talabijin ba da iska yake tafiya ba. Akwai dizal, akwai albashin mai ɗaukar hoto da mai gabatarwa, akwai hayar tauraron ɗan'adam. Tun ranar 1 ga Yulin 1941, da kamfanin agogo na Bulova ya biya dala 9 aka nuna tallansa na 'yan daƙiƙoƙi a wata tasha a New York, talla ke ɗauke da talabijin a baya. A 2024, a wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, an sayar da daƙiƙa 30 a kan kusan dala miliyan 7. A nan gida ma, daga tashar Ibadan ta 1959 zuwa ta Kaduna ta 1962, har zuwa Arewa24 da ta buɗe a 2014 take shiga gidaje ta faranti ba tare da kuɗin wata ba, wani ne ke biya a madadin mai kallo. Tsohuwar da ke ƙauye ba za ta ga wasan kwaikwayo da harshenta kyauta ba in da babu mai sabulu da mai taliya da suka sayi lokaci.

Masu shirya fina-finanmu sun fi kowa sanin wannan. Satar fasaha ta kashe kasuwar faifai, suka koma YouTube da masu dogon zango. YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla, amma kallon da ya fito daga Najeriya ko Nijar ba ya kawo abin da kallon Amurka ko Ingila ke kawowa, saboda masu talla ba sa biyan farashi ɗaya a kan idon mai kuɗi da idon talaka. Shi ya sa furodusa ke karɓar talla da kansa ya dasa shi a cikin shirin: mai sayar da filaye, mai kayan mata, mai maganin gargajiya. Wannan kuwa ko ka biya kuɗin cire talla yana nan daram, domin ya zama ɓangaren bidiyon. Ba na zargin furodusan, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ina dai nuna cewa ko mai kuɗin ma bai tsira ba. Haka mu masu dikoda: kana biyan kuɗin wata, an ƙara maka farashi, kuma da an tafi hutun rabin lokaci a wasan ƙwallo, kamfanonin caca ne za su yi ta layi a allonka. A waya kuma abin ya fi ciwo, domin da datarka ake sauke tallan da ba ka nema ba.

Akwai ƙasashen da suka zaɓi wata hanya. A Birtaniya, tashoshin BBC na cikin gida ba sa saka tallan kasuwanci, gidaje ne ke biyan kuɗin lasisi, wanda a Afrilun 2025 ya kai fam 174.50 a shekara. A Jamus kowane gida na biyan yuro 18.36 a wata. Amma ku lura, a duka biyun doka ce ta wajabta, ba a bar wa mutum ganin dama ba, don sun san abin da zai faru idan aka bar masa. Faransa ma ta soke nata kuɗin a 2022. Mu a Najeriya tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin, kuma ni dai ban taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ga amfanin wannan kuɗin a allon gidansa ba.

Ga inda zuciyata ta fi tsayawa. Idan aka buɗe ƙofar "biya ka huta", su wa za su fita? Ma'aikacin banki, lauya, likita, ɗan jarida, babban ɗan kasuwa. Wato duk wanda ya san akwai hukumar NBC mai kula da kafafen yaɗa labarai, ya san akwai ARCON mai tantance tallace-tallace, ya san NAFDAC ce ke da hurumin tallan magani, ya kuma iya rubuta takardar ƙorafi a saurare shi. Su wa za a bari? Hajiya, da Kawu, da yaranmu, da samarin gidan kallo. Idan masu iya magana sun sayi hanyar tsira, babu mai jin zafin abin da zai yi magana. Kuma manyan kamfanoni masu kaya na ƙwarai suna bin inda aljihu yake, idan masu aljihun sun tafi, wanda zai sayi lokacin da araha shi ne mai kwalbar da ke warkar da basir da hawan jini da ciwon suga da sammu gaba ɗaya, da mai cewa kawo dubu goma ka karɓi dubu hamsin, da mai bashi ta waya.

Ba hasashe nake yi ba. Akwai wani dattijo a layinmu mai ciwon suga, shekaru yana karɓar maganinsa a asibiti yana lallaɓawa. Ya ga wani talla ana maimaitawa dare da rana, har da masu ba da shaida suna rantsuwa sun warke. Ya ajiye maganin asibiti ya sayi jarka biyu. Da na je duba shi bayan an kwantar da shi, ƙafarsa a naɗe, na ce: "Baba, me ya kai ka?" Ya ce: "Ɗana, a talabijin fa na gani. Ai da ƙarya ne gwamnati ba za ta bari a nuna ba." Har yau wannan maganar tana min ciwo. Shi ya ba allon amana. Babu ranar da Baba zai biya kuɗin cire talla, bai ma san ana yi ba. Idan ni na biya na kuɓuta, me na yi masa?

Shi ya sa nake ganin tambayar da ake mana ta kauce hanya. Abin da ya kori ƙanwata daga falo ba wanzuwar talla ba ce, rashin iyaka ne da rashin kunya da rashin tantancewa. Waɗannan kuwa doka ke gyara su, kuma an gyara a wasu wurare. A Birtaniya hukumar Ofcom ta ƙayyade cewa talla ba zai wuce minti 12 a cikin awa guda ba. Amurka ta yi doka a 2010 da ta hana a ɗaga ƙarar talla sama da ta shirin da ake kallo, ta fara aiki a ƙarshen 2012. Tun 2009 Faransa ta cire talla daga tashoshin gwamnati bayan ƙarfe takwas na dare. Suwidin ta hana tallan talabijin da ke farautar yara 'yan ƙasa da shekara 12. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ce wa mai kallo kawo kuɗi. Kariya ce da ta haɗa mai shi da marar shi. Mu ma muna da dokokin da hukumomin, abin da ya yi ƙaranci shi ne bibiya, da masu kallo da za su tsaya kai da fata.

Ni zan iya biya, kuma akwai abin da zan biya da farin ciki. Idan masu shirya fim na Hausa suka ce ga shiri mai inganci, kawo kaza ka kalla, zan bayar, domin gumin mutum na saya. Idan aka ce ga tashar yara da Hausa, babu caca babu kwalba, zan bayar har in biya wa maƙwabci. Abin da na ƙi shi ne a takura mini da gangan sannan a sayar mini da sauƙi, a bar mahaifiyata a cikin takurar.

Washegarin wannan buɗa-bakin na saya wa Hajiya batir, na nuna mata maɓallin kashe murya. Ta karɓa, ta juya rimot ɗin a hannu, ta ce: "To su maƙwabta fa? Wa ake kai wa ƙara?" Bayan sallah na zauna kwana bakwai da biro da takarda, na rubuta rana da lokacin da aka saka tallan, da sau nawa, da shirin da aka yanke dominsa. Na kai takardar gidan talabijin ɗin da hannuna, aka buga mini hatimin karɓa. Har yanzu ba su amsa ba. Ina shirya ta biyu, wannan karon da kwafi zuwa hukuma, kuma ina so ta tafi da sa hannun iyaye masu yawa. Limamin masallacinmu da shugabar Islamiyyar matan unguwa sun riga sun sa nasu.