Batirin Ƙaramin Jirgi Mara Matuƙi Ba a Yanke Masa Wuta a Sama

Mutane da yawa suna ɗauka cewa aikin na'urar kula da batir shi ne ta yanke wuta da zarar caji ya yi ƙasa, kamar yadda take yi a waya. A jirgi mara matuƙi wannan kuskure ne babba, domin wuta na yankewa farfela za su tsaya cak, jirgin ya faɗo ƙasa.

Batirin LiPo, wato nau'in batirin lithium da irin waɗannan jirage ke amfani da shi, haɗin ƙananan sassa ne da ake kira sel. Abin da ake so shi ne na'urar ta riƙa auna ƙarfin wutar kowane sel shi kaɗai. Sel ɗaya yana cika a volt 4.2, kuma idan ya sauka ƙasa da 3.0 yana lalacewa. Batir mai sel huɗu zai iya nuna jimilla mai kyau alhali ɗaya daga ciki ya riga ya galabaita.

Sannan idan jirgi ya yunƙura sama, volt kan faɗi na ɗan lokaci, ya dawo in an sassauta. Na'urar da ba ta san haka ba za ta ɗauka batir ya ƙare. Don haka a sama gargaɗi za ta aika, jirgin ya sauka a hankali. Yanke wuta nan take a wajen caji ya dace, inda wuce gona da iri ke kumbura batir har ya kama da wuta.